Motar da ta riga kowa cika kati

Jama'a, ranar Talata na fita da niyyar wanke babur ɗina, na dawo gida da ciwon ƙugu. Turin mota na yi tun daga bakin kasuwa har wurin wankin Salisu, can kusa da tafki, ni da wasu bayin Allah da tsautsayi ya biyo da mu ta nan.

Bari in gabatar muku da motar. Fara ce tas, an rubuta mata "agajin marasa lafiya" da jan fenti. Wani babban mutum, Allah ya ƙara masa girma da tumbi, shi ya kawo wa unguwarmu ita lokacin neman ƙuri'a, don kai mai naƙuda da mai ciwo babbar likita, wato asibitin Maradi. Aka sha kiɗa, aka kafa mata kwamiti, da shugaba da mataimaki da mai ajiyar makulli. Batir kaɗai aka manta. Wasu sun ce injin ma akwai magana, amma ban leƙa ba, kada in ɗauki alhaki.

To, bana masu wankin mota sun yi yawa, sai Salisu ya fito da dabarar kati. Duk wanki ya buga maka kashe, wato hatimi, in katin ya cika, wanki na gaba kyauta. Ya zo mini shawara kan rangwame, wai ni na yi boko.

"'Yan kabu-kabu ka rage musu kaɗan," na ce, "su ne abincinka."

"Na ji, Malam. Motar kwamiti hwa, rabin kuɗi nake so in yi mata."

"Motar da ba ta tashi? Don mi?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Matata Ladi ta kusa haihuwa. Ka san haihuwarta ta fari da ƙyar ta sha. In shugaba ya ji daɗina, ranar da naƙuda ta tashi ba zai bar ni a rana ba. Ƙila ma rarar su sayi batir da ita."

Tausayinsa ya kama ni. Mutum ne yana neman yadda matarsa za ta isa likita, kuma soso da sabulu kaɗai gare shi.

Sai ga motar nan ta zama sarauniyar masu kati. Duk baƙon da zai zo daga birni, sai an turo ta an wanke, an jera a gabanta an yi foto, an mayar da ita gindin bishiya. 'Yan kabu-kabu da ke kwasar taɓon hanyar ƙauyukan Safo da Gabi kullum ba su kai rabin kati ba, ita ta cika nata. Kashen ƙarshe shi ne na ranar Talatar nan. Ku yaba wa kwamiti, ban taɓa ganin tsabta irin tasu ba.

Laraba da hantsi naƙuda ta kama Ladi, ungozoma ta duba ta ce a wuce da ita Maradi. Salisu ya ruga wurin shugaba, ni ina biye ina ɗingishi. Muka same shi a zaure yana gwada hula.

"Ranka ya daɗe, mota. Ko batir ɗin aro ne sai in nemo."

"Ayya, Salisu, Allah ya raba lahiya," in ji mai girma. "Amma da la'asar muna da baƙi. In ta tahi Maradi ta kwaso laka, mi za mu nuna musu? Kai da kanka ka wanke ta jiya."

Ya ƙara da cewa mai makulli ya tsallaka Najeriya neman kuɗi, batun batir kuma yana cikin abubuwan da za a duba a zama mai zuwa. Wallahi raina ya ɓaci, har na rasa kirarin da zan yi masa.

Ɗan Azumi mai kifi ne ya fitar da mu kunya. Yana da wata tsohuwar akori-kura da ƙofarta ke ɗaure da igiya, wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba. Ya ture kwandunan kifi gefe, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da Ladi. Sun isa da sauran lokaci. Ta sami 'ya mace, dukansu lafiya, sai dai zanen Ladi har yau yana ƙarni.

Washegari aka turo farar mota, shugaba na gaba riƙe da cikakken kati, ya zo karɓar wankinsa na kyauta. Na zaci Salisu zai watsa masa ruwan kumfa. Ina, ya wanke ta har taya, don alkawari ya yi. Da ya gama ya yarfe hannu.

"Ranka ya daɗe, doka ta canza. Daga yau ba ni wanke mota sai wadda ta zo da ƙahwarta."

Sannan ya juya kan akori-kurar Ɗan Azumi, ya ce ita ba ta buƙatar kati har abada.

Jiya na ji kwamiti ya yi zaman gaggawa kan wannan doka. Na ce madalla, batir ya zo. Ashe bokiti suka yanke shawarar saye, a riƙa wanke ta a inda take. Ranar Juma'a za a ƙaddamar da bokitin, an ce kowa ya zo da fararen kaya saboda foto.