Dokta Aristides Ba Ya Kallon Shirme

Kaf kasuwarmu babu mai ilimin Dokta Aristides Valadão. Bai taɓa duba marar lafiya ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma mutumin da ke ɗaura lakataye don sayar da ƙwan lantarki ai dole a kira shi dokta. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, shi ke raba rumfuna, saboda haka ko tari ya yi sai an yaba hikimar da ke ciki.

Abu ɗaya ke ƙona masa rai: talabijin ɗin zauren ƙungiya. Kullum ƙarfe huɗu ake cika a can ana kallon wasan kwaikwayon Gadon Matar Kanar, ana shan kofi, ana gardamar wanda ya sa wa Kanar guba.

"Al'ummar da ke kuka saboda mutanen da ba su wanzu ba, ta yi sallama da ci gaba," in ji Dokta. "Ni idona bai taɓa sauka kan wannan shirme ba."

Sai ya kira taron ƙuri'a: daga Litinin, labarai kaɗai za a kunna.

Hankalin Dona Zuleide mai wainar rogo ya tashi, don wannan awar ce kaɗai take zama a duk yininta. Amma ta daɗe da lura cewa ƙarfe huɗu daidai Dokta ke kulle kansa a shago, wai nazari. Ta je ta yi ƙus-ƙus da Genival mai kifi.

Ranar taro, kafin a ɗaga hannu, ta ce da ƙarfi ita ba ta damu ba, tunda kowa ya san direba ne ya sa gubar. Genival ya ce ƙwarai kuwa. Dokta ya gyara lakataye. Genival ya ƙara da cewa ai matar Kanar ba ta da 'yar'uwa. Gumi ya tsattsafo wa Dokta. Zuleide ta ce wasiyyar ma a ƙarƙashin katifa aka ɓoye ta.

Dokta ya daki tebur.

"A cikin agogon bango! Kuma direba yana kwance a asibiti, ta yaya zai sa guba? Ƙanwar matar ce, tun kashi na arba'in da biyu aka nuna hannunta na rawa. Wai ku da me kuke kallo?"

Zuleide ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, Dokta."

Babu wanda ya sake ta da maganar ƙuri'a. Ƙarfe huɗu ta buga, Genival ya jawo masa kujera gaban kowa. Dokta ya zauna, ya ce zai kalla ne kawai don ya nuna musu yadda mai ilimi ke hango ƙarshen labari.

A kashin ranar aka tona asiri. Direban ne.