Fuskoki Biyar na Oga Kashi-Ɗari

Duk wanda ya ce asibitinmu bai ci gaba ba, to bai haɗu da Oga Kashi-Ɗari ba. A da, in aka kwantar da mace a ɗaki na huɗu, inda ake ajiye masu cikin da ke buƙatar sa ido, abin da ake auna mata bai wuce jini da suga da bugun zuciyar abin da ke cikinta ba. Ƙauyanci ke nan. Sai Allah ya jeho mana wannan bawa nasa, wanda ya gano cewa farin ciki ma ana auna shi, har a fitar da shi kashi-kashi kamar sakamakon jarrabawa.

Muƙaminsa layi uku ne a jikin ƙofar ofis: Babban Jami'in Auna Walwala da Natsuwar Zuciyar Mata Masu Juna Biyu. Sau biyu ya sa aka sake allon, don kalmar "Babban" ba ta fito yadda ya kamata ba. Bai taɓa tsayawa wurin haihuwa ba, jini ma in ya gani sai ya nemi kujera. Amma ya je kwas na kwana uku a wani otal, ya dawo da satifiket, da jaka mai tambari, da wata kwat da ba ya cirewa ko an ɗauke wuta fanka ta tsaya.

Makamansa biyu ne. Akwai takarda mai tambayoyi sittin da uku. Akwai kuma wani kati da aka lulluɓe da leda, mai zanen fuskoki biyar a jere: ta farko tana sharɓar kuka, ta ƙarshe ta washe baki har kunne. Mace za ta nuna wadda ta yi kama da zuciyarta, shi kuma ya rubuta.

Litinin da Alhamis yake zuwa, ƙarfe biyu na rana. Lokacin an ci abinci, Sista mai kula da ɗakin ta sauke labule, barci ya fara daɗi a gadaje goma sha biyun nan. Sai a ji takalmi ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan murya ta biyo baya.

"Iyayen gobe, ku kwantar da hankalinku! Ilimi ya iso."

Ranar farko ya tsaya kan wata malamar makaranta mai ciwon suga, ya bubbuga ƙarfen gadonta da biro har ta buɗe ido.

"Tambaya ta goma sha ɗaya. Kina samun isasshen barci?"

"Yanzu dai nake samu, oga."

"Babu wannan a cikin zaɓi. Kullum, wani lokaci, ko ko kaɗan?"

Tambaya ta talatin kuwa cewa take, sau nawa a makon nan kika ji kamar ki yi tsalle don murna? Wannan tambaya ya yi wa matar da likita ta hana ko saukowa daga gado. Ta arba'in da huɗu ta fi kowacce kyau: kina jin ana sauraronki? Malama ta buɗe baki za ta yi bayani, oga ya duba agogo, ya yi maki a kan "sosai", ya wuce gado na gaba.

Kada a ce ba shi da tausayi. Duk wadda ta nuna fuskar da ba ta dariya, ba ya barinta cikin damuwa. Kujera yake ja, ya zauna, ya ba ta abin da ya kira jawabin farfaɗo da zuciya, minti arba'in cur, ba ruwa ba hutu. Mata kuwa ba wawaye ba ne. Kafin mako ya zagayo sun gane kan abin. In an kawo sabuwa, tun ba ta ajiye jaka ba ta kusa da ita za ta raɗa mata: "'Yar'uwa, in mai kwat ya zo, ta ƙarshe za ki nuna, mai haƙoran nan." Nan da nan walwalar ɗaki na huɗu ta yi sama, ta kai kashi casa'in da biyu. Oga ya rantse a gaban kowa sai ya cike ɗari, daga nan sunan ya bi shi.

Abin da ya tsaya masa a wuya mace ɗaya ce, a gado na bakwai. Mai ɗinki ce, tana ɗauke da tagwaye, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, jininta kuma ya hau. Cikinta na baya a haka ta rasa shi. Babbar likita ta faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana: in jinin ya ci gaba da tsallake jan layi, dole a yi aiki a ciro yaran, kuma sun yi ƙanana tukuna. Sati biyu ake roƙo, sati biyu kacal, su ƙara ƙwari. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoyewa. Mata sun yi mata raɗa har sun gaji.

"Ni ban iya yi wa kwali ƙarya ba," in ji ta. Ta ɗora yatsa kan fuska ta biyu, mai turo baki.

Oga ya ja kujera.

"Baiwar Allah, damuwa zaɓi ce. Ni ɗin nan da kike gani, na san jarrabawa. An taɓa gayyata ta taro aka zaunar da ni a layi na uku. Layi na uku! Na yi kuka? Na zaɓi murmushi. To ja numfashi tare da ni. A'a, ba haka ba, kin ja da wuri. Sake."

Ta sake sau tara. Da ya tashi, Sista ta zo ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta matsa, ta duba, ta yi tsaki a ciki.

Ita Sista gajeriya ce, shekararta ashirin da shida tana aikin nan, ba ta da satifiket ɗin otal ko ɗaya. Abin da take da shi jan biro ne. Ta juya bayan wata tsohuwar takarda tana ɗiga awon jinin gado na bakwai kullum, tana haɗa ɗigon da layi. Layin yana tafiya lafiya lau, sai ya yi tsiri. Ya sauko, ya sake yin tsiri. Ta duba na sauran gadajen, duk kanwar ja ce.

Ranar taron ma'aikata, oga ya sa aka rufe tagogi, ya haska sakamakonsa a bango, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ya ce tarihi zai tuna da wannan ɗaki. Ya gode wa kansa a fakaice sau uku, a fili sau ɗaya. Yana zama, Sista ta tura wa babbar likita takardarta. Likita ta gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Jininsu hawa yake kowace Litinin da Alhamis, wajen ƙarfe uku."

Oga ya karɓa, ya duba, fuskarsa ta koma ta biyar sak.

"Madalla! Kun ga hujja ko? Har zuciyarsu bugawa take don ɗokin zuwana. Sista, ki ba ni kwafi, zan sa a rahoto."

Likita ta kama tari. Sista ta ɗaga kai tana kallon fanka.

Washegari sai ga wata takardar gayyata a kan teburinsa. Ta yi wata guda a allon sanarwa ba wanda ya kula, har kusurwarta ta naɗe, Sista ce ta cire ta ta miƙar. Taron ƙara wa juna sani ne a wani gari mai nisa, na sati biyu. Babbar likita da kanta ta tako har ofis ta ce, wa za mu tura in ba kai ba? Oga ya dafa ƙirji.

"Matan nan fa? Yaya za su yi ba ni?"

"Za su daure, oga," in ji Sista.

Da ya shigo sallama, ɗakin ya rikice da ɗaga hannu. Malama ta yi dariya har hawaye, sai da Sista ta ce ta yi a hankali da cikinta. Oga ya ciro littafinsa ya rubuta: hawayen rabuwa, gado uku.

To, abin takaici, sati biyun nan ɗaki na huɗu ya koma zamanin duhun kai. Ba wanda ya auna walwalar kowa. Mata suka yi ta barcin rana ba bisa ƙa'ida ba, har da minshari. Mai ɗinki ta sa mijinta ya kawo mata allura da zare da ƙyallaye, ta jingina da matashi tana ɗinka 'yan huluna biyu, tana yi wa Malama tsiya kan minsharinta. Jan layin Sista ya kwanta ya miƙe. Sati biyu suka cika, aka ƙara kwana biyu a kai. Ranar da likita ta zaɓa da kanta aka shiga da mai ɗinki ɗakin tiyata, aka fito da mace da namiji, 'yan ƙanana amma da murya, don har masu gadi a bakin ƙofa sun ji kukansu. Mijin ya zauna a ƙasa a baranda yana dariya yana share ido.

Ranar Litinin, ƙarfe biyu, aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Oga ya dawo da satifiket na biyu da sabon kati, wannan karon fuskoki bakwai. Kai tsaye ya nufi gado na bakwai. Ya tarar da ita zaune, jariri a kowane hannu, kowanne da hularsa. Hannunta ba sarari, sai ta nuna fuskar ƙarshe da haɓa, kuma a karon farko a ɗakin nan aka nuna mai haƙoran nan ba tare da an yi wa kwali ƙarya ba.

"Ɗari!" Oga ya juya yana duban kowa. "Ɗari bisa ɗari! Ku shaida! To baiwar Allah, saboda rahoto: wane ɓangare na shirina ne ya fi taimaka miki?"

"Sati biyun nan da ba ka nan, oga. Allah ya saka da alheri."

Ya duba takardarsa. Ya juya shafi na biyu, ya juya na uku, ya bi tambayoyi sittin da ukun da yatsa, bai ga gurbin wannan amsa ba. Sista ta zaro jan bironta ta miƙa masa.

"Rubuta a baya, oga. Ka sa sau goma sha biyu, kada ka wahalar da kanka zagaya gadaje."