Rasuwar Shuɗiyar Riga a Watan Shuɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya fi baƙin ciki zafi, mai gyaran agogo na bakin layi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shuɗiyar rigarsa mai aljihu ɗaya, wadda ta bar duniya ranar Talata a kan teburin cin abinci, tana da shekara ashirin da uku.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha wanki ba ta yage ba, ta sha guga ba ta yi ƙorafi ba. Ba a taɓa jin muryarta ba sai a kan igiyar shanya, in iska ta kaɗa, ta ce fat-fat, ta yi shiru.

Ba ciwo ya ɗauke ta ba. Wata ƙungiya ce ta mata goma sha huɗu da matarsa ta shiga, masu yayyanka tufafi su sake haɗa ƙyallayen su zama bargo, su kira wannan fasaha. Kowane wata shugabarsu, wadda suke kira Uwar Launi, takan zaɓi launi ɗaya, kuma dokarsu ita ce ba a sayen sabon yadi, sai abin da aka samu a gida. Wannan watan ta ce shuɗi. Labulen kicin ne ya fara tafiya, rigar matashin kai ta bi shi.

Ranar da abin ya faru, mai makokin yana sunkuye a kan cikin wani agogo, gilashi a ido, matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, tsummokaran da ke ƙasan akwati kana so?" Ya ce, "A'a." Bai ɗago ba. Abin da ya ji bayan nan shi ne ƙyas-ƙyas na almakashi.

Tun ranar yake juya tambayar. Wa ya yi kisan? Almakashi ba shi da niyya. Uwar Launi ba ta taɓa ganin mamaciyar ba, ta dai yanke wa launi guda hukunci daga kan kujerarta. Shi kuwa ya ba da izini, amma izinin wanda bai duba ba izini ne? Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a cikin wannan riga ya fara yi wa matar magana, a layin jiran mota, kuma ga alama ta manta.

Da ya tuhume ta, ko ƙafarta ba ta ɗage daga keken ɗinki ba. Ta ce, "Na manta? Har tabon tawadar aljihun na sani. Shekara tara ke nan rabon da ta rufe maka tumbi, malam, tana akwati kyankyasai na kwana a kanta. Ni na sa ta a tsakiyar bargo. Kai me ka yi mata?"



Marigayiyar ta bar kwala ɗaya, da maɓallai shida, da hannun hagu wanda aka ce ya koɗe da yawa, bai cancanci shiga gasa ba.

Za a baje gawar ranar Asabar da ƙarfe huɗu a falon Uwar Launi, inda mata goma sha huɗu za su shafa ta, su ɗauki hoto, su ba ta maki. Mai makokin zai halarta, domin an gaya masa zai halarta. Ragowar sassan za a ajiye su a gwangwanin kayan agogo, ba tare da taro ba.

Ana karɓar ta'aziyya a shago. Masu zuwa gida kuwa, an riga an sanar da launin wata mai kamawa: kada kowa ya zo da koren kaya, in kuma ya zo, kada ya cire hularsa ya ajiye.