Tagogin da na buɗe wa akawu

A shekarun da gyaɗa take da daraja, na ƙudura gina bene a bakin kasuwar Gaya, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, irin wanda na gani a Kano. Yayana Sule ya yarda da ni, har muka sayar da gonar gadonmu. Ni na zana ginin da tsinke a ƙasa, na ce wa magini ya buɗe manyan tagogi ta gabas, domin akawu yana son iska. Ya so ya yi magana, na ce masa ni na je Kano, shi bai je ba.

Da aka gama, na gayyaci dattawan unguwa su hau su sa albarka. Liman, maƙwabcinmu, shi ne a gaba. Ya leƙa taga, sannan ya juyo.

"Malam, iska kam akwai. Ga iyalina can suna daka, ga tsohuwata tana alwala."

Tsakar gidansa duka a fili take, har makewayi.

A ranar aka toshe tagogin da laka. Babu akawun da zai zauna cikin duhu, sai muka loda buhunan gyaɗa a ofisoshin.

Yaya Sule bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk wanda ya zo nemana, yakan ce, "Manaja yana sama, yana ganawa da ma'aikatansa."

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. A wurin zaman makoki, ƙaramar jikarsa ta durƙusa ta gaishe ni.

"Manaja, ya haƙuri? Ya ma'aikata?"

Na ce suna nan lafiya.