Rasuwar Kwamfutar da Ta Haddace Asalin Karnuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci cike da ƙaurin waya, dattijo Clarrie Heffernan na garin Coonamble, wanda ya ga bayan fari uku da ambaliya biyu da likitoci huɗu, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa. Ta ce ga garinku nan ranar Talata da hantsi, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar ba ta taɓa raina shi don bai gama firamare ba. Da yatsa ɗaya ya koyi yarenta, masu digiri suna can suna gyara tabarau. Ita ta riƙe masa asalin karnukansa na kiwo: sunan kowane kwikwiyo sai ya ɗaura shi da alamar tarawa a wutsiyar na iyayensa, duk a zare guda, wato dogon layin rubutu ɗaya. Ka ce ta yanko hagu, ta ba ka kakan kaka. Ka ce dama, ga autan jiya. Takarda kuwa ta ragwaye ce, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Za a yi kewar ƙiiiii ɗin kaset ɗin da take ajiye asalin a ciki, minti shida cur kafin ta tuna ko ita wace ce.

Zarenta haruffa ɗari biyu da hamsin da biyar yake ɗauka. Clarrie ya sani sarai, shi ya sa shekara goma karnukansa ba su wuce Jo da Bo da Ed ba. Sai aka haifi wani ɗan kwikwiyo mai faɗin ƙirji, dattijo ya ga wannan ya fi ƙarfin harafi biyu, ya raɗa masa Bartholomew. Ta yi ɗit, wai zare ya yi tsawo. Ya sake. Ya ƙara mata da mari a ƙeya, maganin da ya saba yi mata. Sai hayaƙi.

Ta bar tsohon talabijin, da rikodar da ta tauna kaset ɗin saboda juyayi, da karnuka tara marasa shaidar uba, ga rajistar gasar karnukan kiwo, wadda sai da shaidar asali, Litinin za a rufe.

Za a yi jana'iza Asabar ƙarfe goma, bayan rumfar askin tumaki. Akwai shayi da gasasshen rago. Kada a kawo furanni, kada a kawo shawara. Maƙwabciya Noreen Pascoe, wadda karnukanta ke barbara da nasa, wadda kuma ya shekara talatin yana yi wa dariya don tana rubuta komai a littafi da fensir, har asalin karnuka, an keɓe mata kujerar gaba. Don Allah ta taho da littafin.