Mai Bishara a Gaban Sahu

Ko zan manta da sunan kakana, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar ƙarshe da na yi a Riyadh ba. Har yau in na tuna, ni kaɗai a ɗaki sai in rufe fuska.

Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Katsina. Dattawanmu suka ga ya kamata a tura wani ya dubo 'yan'uwanmu Kirista da ke aiki a Saudiyya, ya yi mako uku da su, ya ƙarfafa su. Aka zaɓe ni (ba don na fi kowa bangaskiya ba, ni kaɗai ne fasfona bai mutu ba). Iliya, ƙanin matata da ke aiki a wani asibiti can, shi ya nemo mini bizar ziyara.

Ranar da na sauka gidansa a unguwar Al-Shifa ya zaunar da ni. "Yaya, nan ba gida ba ne. Ba coci, ba wa'azi a waje. A falon nan muke taruwa safiyar Juma'a, mu goma sha biyu, labule a sauke, waƙa ƙasa-ƙasa ba tafi. In maganar ta fita, aikina ya tafi, iƙamata ta tafi, wato takardar zama. Abu ɗaya nake roƙonka, ka yi shiru. Ba wanda zai tambaye ka addininka."

Shiru kawai bawan Allah ya ce in yi. Ni kuwa na ga shiru ya yi mini kaɗan. Washegari na shiga kasuwa na sayi farar jallabiya, da mayafin kan nan mai ja da fari, da carbi mai 'ya'ya manya. Na bar furfurar gemuna ta sake. Sunana na gaskiya na ninke na sa a aljihu, na koma Malam Yahaya. In zan yi wa matata saƙo sai in rubuta, "Tumaki suna cin ciyawa lafiya." Ta taɓa maido mini da cewa in tumaki aka tura ni kiwo, ga namu nan a gida ba dusa.

Wanda ya fi shan wannan wasan kwaikwayo shi ne Sani, direba mutumin Gusau da ke kai Iliya aiki. Ina shiga motarsa zan fiddo carbi in hau ja, ina motsa baki (kwanakin da suka rage mini nake ƙirgawa). Sani ba ya cewa komai, sai dai, "Baba, an tashi lafiya?" Ni kuma ina jin daɗi a raina, na ce na iya taku.

Juma'ar ƙarshe, saura kwana biyu in koma, mun tashi daga sujadarmu ta falo ke nan Sani ya zo. Ya ce 'yan gida za su fita bayan gari cin kabsa, shinkafar nan tasu da naman rago, ya kamata in je a yi sallama. Iliya yana da aiki da rana. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka ce ka gaji." Na ce haba, ni da na yi kwana goma sha tara ba a gane ni ba? Gaskiyar magana, naman ne ya ja ni.

Muka iske mutum kusan ashirin a fili fetal, direbobi da magina da masu shago, an jera motoci an shimfiɗa tabarmi. Babbansu wani dattijo ne, Alhaji Garba, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar. Yana ganin gemuna da carbina ya matsa ya ba ni rabin dardumarsa. Ya riƙa tura mini tsoka gabana.

"Malam, a ina aka yi karatu?"

"Nan da can, Alhaji."

Ya gyaɗa kai ya dubi jama'a. "Kun ji? Masu ilimin gaske haka suke, ba sa faɗa."

Da ina da hankali, nan zan fara ƙaryar ciwon ciki in gudu. Sai na ƙara gyara zama.

Can aka ce La'asar ta yi. Na duba inda zan sulale, ba bishiya ba gini, ko akuya ta gifta a filin nan sai an gan ta. Kafin in yi dabara wani ya miƙo mini buta da hannu biyu. Cikin Musulmi na tashi, na ga alwala ta fi sau dubu, amma ashe gani daban yi daban. Na tsuguna kusa da wani magini ina satar kallo, ya wanke in wanke, ya shafa in shafa. Na ce a raina zan laɓe a ƙarshen sahun baya, in nemi gafarar Ubangiji daga baya.

Aka tayar da sahu. Sai muryar Alhaji Garba: "Malam Yahaya, bisimilla. Ga malami a cikinmu, wa zai wuce gaba?"

Na ce, "Alhaji, ai ni matafiyi ne."

"Ba komai, ka yi biyunka ka sallame, mu cika."

"Muryata kuma ta dishe."

"La'asar ce, Malam, wa zai ji muryarka?"

Hannuwa suka yi ta tura ni a hankali cikin girmamawa, wannan ya miƙa wa wancan, har na tsinci kaina a kan dardumar liman. Mutum ashirin a bayana sun daidaita ƙafafu suna jira. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In na ɗaga hannu na yi kabbara, na ɓata sallar mutanen da suka ciyar da ni, na kuma yi musun abin da aka aiko ni in ƙarfafa. In na buɗe baki, ga Iliya da iyalinsa.

Na juyo na fuskance su. "Jama'a, ku gafarce ni. Ni Kirista ne. Mai bishara ne ma." Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa. "Don girman Allah kada ku gaya wa kowa muna taruwa a falon Iliya ran Juma'a."

Ba wanda ya tambaye ni Iliya. Ba wanda ya tambaye ni falo.

Na hango Sani ya dafe kai. Alhaji Garba ya dubi gemuna ya daɗe, ya dubi carbin, sannan ya ce, "To Malam, koma tabarma ka duba mana shayin nan kada ya zube." Ya wuce gaba ya ta da kabbara. Ni kuwa na zauna da butar shayi ina fifita gawayi, ina fatan rairayin ya buɗe in shige.

Da suka idar Alhaji Garba ya kira ni gaban kowa. "Mu duka baƙi ne a ƙasar nan, kowa da iƙamarsa a aljihu yana lallaɓa ta. Maganar da aka ji ta mutu a filin nan. Ko akwai wanda ya ji wani abu?" Suka ce ba su ji komai ba. Ya ƙara da cewa, "Carbin dai ka bar mana shi, muna da aikinsa."

A mota na kasa duban Sani. Shi ya fara magana. "Baba, shekara shida ina kawo mutanenku ƙofar Iliya, ɗaya bayan ɗaya don kada maƙwabta su ga taro. Ni na ba shi wannan shawarar."

"To me ya hana ka cece ni?"

"Da ka ɗaga hannu da na riƙe ka. Amma sirrin Iliya ne, ko matata ban gaya wa ba."

Har yau taron falon nan yana nan, ba abin da ya same shi, kuma ba ni na tsare shi ba. Abin da na koya shi ne, in aka ce maka ka yi shiru, to ka yi shirun, kada ka je kasuwa ka saya masa kaya. Iliya kuma ya rubuto wa dattawanmu wasiƙar godiya mai kyau, ya ce ziyarar ta ƙarfafa su ƙwarai, baɗi a aiko da gaisuwa kawai.