Takalman Mai Tanadi

"Aiki da godiya, gajiya kuma ta bi lafiya. Amma wace ce ke gaisuwa? Kamar na taɓa jin muryar nan a wani zamani."

Tsoho mai gyaran takalmi ya faɗi haka bai ko ɗago kai ba, yana zura zare a basilla. Sarai ya gane ta tun daga inuwarta. Jikarsa ce da yake kira Gajera, mai aiki a kantin magani. Rumfarsa na daf da inda motocin haya ke sauke mutane, kuma shekara biyu ke nan kullum in ta sauko da yamma sai ta zauna a bencinsa, ta miƙa masa rabin lemon kwalbarta, su tsokani juna, sannan ta wuce gida. Yau kwana goma sha tara rabonsa da ita. Duk motar da ta tsaya sai ya saci kallon ƙofarta, har sau biyu yana soke yatsa. Kewarta yake yi ƙwarai, amma ya gwammace ya haɗiye basillar da ya faɗa.

"Tsufa ya gama da ido, ya koma kan kunne," ta ce tana zama. "Matarka ce."

"Matata da lemo take zuwa. Wannan kuwa hannu rabbana ta zo."

"Na daina lemo. Ruwan saye ma na daina, ga gorata. Abincin rana daga gida nake ɗaukowa. Katin waya sau ɗaya a mako. Mota kuwa mun raba gari, ta bayan kasuwa nake yankewa a ƙafa."

"Numfashi fa? Shi ma kin rage?"

"Kuɗin makarantar jinya nake tarawa, Tsoho. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓa. Da yayyafi kogi kan cika."

"Kogi na cika, miji na bushewa a gaɓa. To me ya kawo ki? Na san ba ƙaunata ba ce."

Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a gabansa. Na dama ya wangame baki, na hagu dunduniyarsa ta cinye har ana hango ƙusa. Tsoho ya juya su a hannu yana karantawa, don shi tafin takalmi bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Ta layin masu walda kike bi, ga ɓurɓushin ƙarfe nan. Jaka a kafaɗar hagu kike ratayawa. Kuma wannan takalmin tsayuwa ne a bayan kanta, ba na cin hanya ba. Kin hana direba kuɗinsa, kin bai wa kwalta." Ya kai shi hanci ya shinshina. "Wane maƙiyin Allah ne ya shafa masa gam?"

"Ni ce. Na arha na saya."

"Jikata, da gam ɗin kanti. Ya ƙone fatar. Garin neman gira za ki rasa ido. Kada ki faɗa a waje cewa kin san ni."

"Na tambayi kuɗin sabo," ta ce, muryarta ta ɗan sauka. "Duk abin da na tara na mota zai cinye. In na saya, makaranta sai baɗi."

Nan zuciyarsa ta karye, amma bai bari fuska ta nuna ba. Ya jawo guntun tsohuwar tayar mota daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora takalmin a kai, ya zana da alli.

"Nawa za ki biya?"

"Yaushe miji ya fara karɓar kuɗin matarsa?"

"Matar da ta yi yaji kwana goma sha tara, ninki biyu take biya."

"Au. Ashe ƙirgawa kake yi."

"Ni? Benci ne ke ƙirgawa. Shi ya saba da nauyinki, ko da yake ba wani nauyi ba ne."

"Kai ne za ka yi min gorin rowa? Hular kanka ta girmi babana. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ka miƙar da ita sau uku. Hannun jarirai a wurinka na gada."

"Gado kika ci, amma ba ki iya ba. Shekara hamsin ina miƙar da ƙusa, ban taɓa canza hanya don kada in gaida mutum ba."

Ta harare shi, ta kurɓi ruwan gorarta. Shi kuwa ya yanka tayar, ya kankare gam ɗin, ya shiga ɗinki yana ja da ƙarfi har jijiyar hannunsa na tashi. Kafin rana ta sauka bayan shaguna na dama ya rufe bakinsa, ya yi tafin da zai shekara yana cin kwalta. Ya ajiye shi gefe. Na hagu kuma ya jefa cikin akwati, ya danna kwaɗo.

"Ɗayan sai gobe. Zare ya ƙare."

Gajera ta dubi ƙullin zaren da ke kan cinyarsa, wanda ya kai girman dunƙulen hannu.

"Wancan fa?"

"Wancan na masu biya ne."

"To da me zan je gida? Da me zan shiga aiki?"

Ya zare silifas ɗinsa ya tura mata da ƙafa.

"Ki biyo da sassafe ki karɓa, ki maido min kayana. In kika bi ta babban titi, minti biyar kawai za ki ƙara. Jibi kuma ki kawo a duba ɗinkin. Irin wannan ɗinki kullum ake duba shi, in ba haka ba ya warware."

"Har zuwa yaushe?"

"Har ki gama makarantar. Ke da kika zaɓi tafiyar ƙasa, ai kin san zumunta a ƙafa take."

Ta dube shi, ta dubi zaren, sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe benci.

"Ka yi nasara, Tsoho. Lemo dai ya tafi ke nan. Amma zan riƙa ƙara ruwa a shayin gida in kawo maka rabi."

"Da sukari?"

"Cokali ɗaya. Tanadi ake yi."

Ta zura ƙafafunta cikin silifas ɗin, rabinsu ya rage a baya, ta kama hanya suna fat-fat. Wata mota ta tsaya tana sauke mutane. Tsoho ya buɗe akwati ya ɗauko na hagun ya ci gaba da ɗinki, bai ko kalli ƙofar motar ba.